Tazarar da Na Ƙi Matsewa

Ko da zan manta ranar aurena, kuma Allah ya sa uwargida ba za ta karanta wannan ba, ba zan taɓa manta rigimar da na yi da wani kaftin na soja a Tasawa ba. A kan me? A kan farin filin da ke tsakanin layi da layi a jikin takarda, wanda faɗinsa bai wuce yatsa biyu ba. Shi ya raba ni da aikina. Har yau in na ba da labarin, wasu dariya suke yi su ce taurin kai ne kawai irin nawa. Taurin kan akwai shi, ban musa ba, amma ku bari in gaya muku yadda aka yi.

Shekarar ce damina ta yi mana gardama, gero ya bushe a tsaye tun bai fitar da kai ba, sannan soja suka karɓe mulki a Yamai. Daga Tasawa har Mayahi rumbuna sun zama wayam. Mata suna shiga daji neman ƴaƴan anza, abincin lokacin yunwa, maza sun bazama kudu ci-rani tun kafin lokacinsa. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne yara. Yaro ya rame, gudawa ta kama shi, kafin a yi wani abu ya riga ya tafi.

A lokacin ina aiki a biro, wato ofishi, na wata ƙungiya ta yaƙi da jahilci. Da can mushe ne ni, wato malamin boko, na ajin manya, ina yawon ƙauyuka da allo da alli, daga baya aka zaunar da ni gaban ordinater, wato kwamfuta, ni ke tsara ƴan littattafan da muke bugawa. Manhajar da muke aiki da ita wata irin aba ce. Ba ka ganin shafi yayin da kake rubutu. Kana rubuta magana kana cusa umarni a tsakani, kowane umarni da ƴar karkatacciyar sanda a gabansa, sai ka gama ka ce mata ta haɗa, sannan ka ga abin da ta fitar. Daga Yamai aka aiko mana da ita, tare da wasu dunƙulallun umarni da wani gwani ya shirya, waɗanda ake kira makro. Ka ambaci suna ɗaya, shi kuma ya yi aiki goma a ɓoye ba tare da ya shawarce ka ba. In ta yi daidai, aikinta gwanin kyau. In ta ƙi, sai ka ji kamar ka sungume ta ka jefa rijiya.

Likitoci suka rubuto bayani a kan yadda uwa za ta haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa, yadda za ta dama kunu da garin wake da ƙuli-ƙuli, da alamun da in ta gani dole ta ruga asibiti. Aka ce mu mayar da shi Hausa, mu buga, a raba tare da hatsin agaji.

To ga abin da masu zama Yamai ba su sani ba. A ƙauyukanmu kaɗan ne ke karanta boko, balle mata. Amma da yawansu sun yi makarantar allo, suna iya haɗa baƙi da wasali na ajami. Tun ina mushe muka saba da wata dabara: in takarda ta zo, sai a kai wa malamin gari, a karanta masa, ya fiƙe alƙalamin kara ya bi ƙarƙashin kowane layin boko ya rubuta shi da ajami, kamar yadda suke cusa fassara a tsakanin layukan littattafan karatunsu. Alƙalamin kara kuwa ba siririn bik na ƴan boko ba ne, bakinsa da kauri, ga wasali bisa ga wasali ƙasa. Yana son fili. Takardar da ta zo a matse, mun san ƙarshenta, wajen mai ƙosai take ƙarewa.

Saboda haka tun daga saman aikin na ba manhajar umarni ta buɗe tazara tsakanin layuka. Na fitar da gwaji ɗaya, na duba shafin farko na ga ya yi yadda nake so, na naɗe na sa aljihu. Ranar kasuwar Urafane na hau mota na tafi gwada shi. Akwai wani malami can da muka daɗe muna irin wannan aiki tare, kuma yayata, wadda ta goya ni, tana aure a wani ƙauye kusa. A ranin nan ta riga ta binne jika ɗaya, ga wata ƙarama a bayanta, wuya kamar zare.

Muka zauna rumfar malam, ina karantawa yana rubutawa, Yaya tana gefe tana jijjiga yarinya. Shafin farko lafiya lau. Da muka buɗe shafin da ke da hoton kwalba da cokali, wato ainihin inda ma'aunin yake, sai malam ya ɗaga alƙalami ya dube ni.

"Mushe, ina hilin ya tahi? Nan ai sai dai in rubuta da allura."

Na leƙa. Layukan sun matsu kamar fasinjan motar kasuwa. Na ce, "Allah gafarta Malam, a daure a gwada hakanan mu gani."

Ya daure. Da fili ya ƙare masa a layin sukari, sai ya yi abin da kowane malami ke yi, ya lanƙwasa ƙarshen layin ya sauko da shi ƙasa. Ya busa tawada ta bushe, ya miƙa wa Yaya. Ta ɗora yatsa tana bi daga dama tana haɗawa a hankali, can sai ta tsaya.

"Auta, ashe gishirin shi ka hin sukarin yawa? To ai da sauƙi, gishiri muna da shi."

Ma'aunin sukari ne ya gangaro ya zauna gefen gishiri. Likita kuwa ya ja mana kunne cewa in gishiri ya yi yawa a ruwan nan, zai kashe yaro kafin gudawar ta kashe shi. Na dubi yarinyar da ke bayan Yaya, na fizge takardar na yayyaga ta a gabansu. Yaya ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni. Na ce mata kada ta haɗa komai sai na dawo da wata.

Na koma Tasawa na tasa ordinater gaba, ba ji ba gani. Wutar lantarki tana zuwa tana ɗaukewa yadda ta ga dama, in ta ɗauke in zauna ina fifita da kwali ina zagin gwanin Yamai a zuciyata. Abin da na fara ganowa shi ne, duk inda aka yi kan magana da manyan baƙaƙe, layukan da ke biye da shi sai su koma a matse. Na buɗe cikin makron kan magana na bi shi layi-layi. Ashe bayan ya gama ƙara wa baƙaƙe girma, yana mayar da rubutu ƙaramin girmansa, kuma a nan yake haɗawa da tazarar ya mayar da ita irin ta littafin ƴan lakkwal, wato ƴan makarantar boko. Ina buɗewa a sama, shi yana bi yana rufewa a ƙasa. Na cire masa wannan hannun.

Na haɗa, na duba, shafin kwalba da cokali yana nan a matse. Nan kaina ya ɗau zafi. Sai daga baya na fahimci cewa tazarar da manhajar ke bayarwa kamar roba take. An ba ta izini ta ja ta ko ta matse ta, don ƙasan kowane shafi ya yi daidai da na ɗan'uwansa. Da hoto ya ci wuri, sai ta rama a kan layukan ma'auni. Ita kyawun shafi ta sani, ba ruwanta da wanda zai karanta. Na ɗaure tazarar tamau, na ce ko shafi zai fito guntu kamar wandon aro, ba ja ba matsewa.

Saura ɗaya, kuma ita ta fi ba ni wahala. Layin ƙarshe na kowane shafi ba ya samun fili a ƙarƙashinsa. Duk yadda na sa, da ta zo yanke shafi sai ta haɗiye shi, don a wurinta fili a gindin shafi wofi ne, ba asara in an zubar. Na sa, ta haɗiye. Na ƙara, ta haɗiye. Ina zaune na yi tagumi sai na tuna gonar mahaifinmu. Iyakar da ba a dasa mata gamba ba, kowace damina maƙwabci sai ya ɗan ci taki ɗaya, amma inda gamba take ba mai taɓawa. Sai na ƙirƙiri nawa makron: wani turke marar kauri, wanda ido ba ya gani kuma tawada ba ta fitar da shi, na kafa shi a jikin kowane layi ya sauka ƙasa faɗin yatsa biyu. Manhajar ta ɗauke shi baƙi ne dogo, ta girmama shi. Da na haɗa na ga shafuka sun fito kowane layi da filinsa har na ƙarshe, ni kaɗai a biro na miƙe na yi ƴar rawa.

Murnar ba ta daɗe ba. Akwai wani kaftin da aka ɗora wa lura da rabon agaji a yankinmu, kuma duk abin da za a raba sai ya sa hannu. Ya zo biro da kansa, shef ɗinmu, shugaban biron, yana biye da shi yana ta murza hannu. Shef mutumin kirki ne, amma da ya ga kaki sai ya bi duk abin da aka ce. Kaftin ya ɗauki sabon gwajin da na fitar ya jujjuya, ya ɗaga shi sama kamar mai duba jabun kuɗi.

"Mi ne ne wanga? Takarda ta yi muna kaɗan, kai kuma kana shuka iska cikinta?"

Na yi masa bayanin malam da ajami, har da abin da ya faru da Yaya. Ya saurara, ba zan yi masa ƙarya ba. Da na gama ya ce, "Na ji. Amma in ka matse, shafuka su ragu rabi, garuruwan da za su samu su ninka. Wanda bai iya boko ba ya nemi mai karanta mishi. Ka matse." Sannan ya zaro wata takarda daga jakarsa ya ajiye bisa teburina. Jawabi ne na godiya ga hukuma bisa ƙoƙarin da take yi wa talakawa, ga hoto ga tambari. Ya ce shi zai cika shafin farko.

Na ce, "Mon kapiten, gudawa ba ta jiran a nemo mai boko. Uwa ita kaɗai take da ɗiyanta cikin ɗaki."

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Mushe, ba shawara na zo nema ba. Umarni ne." Ya faɗi adadin shafukan da ya yarda da su, ya sa hularsa ya fita.

Shef ya rufe ƙofa ya dawo kamar zai yi kuka. "Don Allah ka rufa mini asiri, ka yi abin da ya ce. Ina da iyali, kai ma kana da su. Lokacin nan ba na gardama ba ne."

Gaskiya maganar kaftin a kan takarda tana da kai, don takardar ta yi ƙaranci da gaske, kuma na juya ta a raina sosai. Amma duk inda na juya, sai in ga yatsan Yaya a kan layin gishiri. Ninka takardar da ba a iya karantawa, mai ƙosai kawai za a yi wa hidima. In kuma malam ya matsa ya rubuta a haka, gara ma ba a raba ba. Na koma kan ordinater na gwada wani abu. Na cire jawabin, na cire hotonsa da tambarin, na yanke doguwar gabatarwar likitoci wadda ba uwar da take buƙata, na rage hoton kwalba. Na haɗa. Bayanin duka, da filinsa cif, ya shiga daidai shafukan da kaftin ya yarda da su, ko layi ɗaya bai yi saura ba. Amma ba wurin jawabi ko na ɗigo.

Na daɗe ina kallon allon ordinater. Tsoro na ji, kada wani ya ce muku ban ji ba. Na san abin da cire jawabin hukuma yake nufi a irin wannan lokaci. Amma raina ya riga ya ɓaci, kuma ni in raina ya ɓaci ba na iya lissafin gobe.

Allah ya sa aka kira shef taro Maraɗi, ya bar mini makulli. Na kunna injin bugawa tun da safe, na yi ta zuba masa takarda har ta ƙare ƙaƙaf. Ma'aikatan lafiya suka zo karɓa kamar yadda aka tsara, kowa ya ɗaure nasa ƙunshi bayan babur. Na Mayahi da Cake suka bi motar hatsi. Na Urafane ni da kaina na kai tasha na damƙa wa direba, na ce hannun malam kai tsaye. Ban ɓoye wa kowa komai ba, ba dai wanda ya tambaye ni ne. Da na tabbata duk sun yi nisa, na je gida na yi wanka, na sa rigata ta Juma'a, na gaya wa uwargida inda za ni da abin da zai iya biyo baya. Ta dube ni ta ce, "Ai tun da na aure ka na san ranar nan tana tahe." Ta zuba mini fura a gora.

Na sami kaftin a bironsa, na yi sallama na ajiye ɗaya daga cikin takardun a gabansa. Ya buɗe shafin farko, ya juya baya, ya sake dawowa.

"Ina jawabin?"

"Na cire shi, mon kapiten."

"Wa ya ba ka izini?"

"Ba kowa. Kun faɗi shafuka, ga su nan ban ƙara ko ɗaya ba. Jawabin da hilin ba su shiga tare, na zaɓi hilin."

Ya miƙe tsaye. "Ka zaɓi wofi bisa hukuma?"

Na ce, "Ba wofi ba ne, wurin malam ne. Hukuma tana da rediyo, kullum muna jin godiyarta. Tsohuwar ƙauye ba ta da komai cikin takardar nan sai yatsa biyun ga, kuma ni ba ni ba ku su."

Har yau ban san inda na samo bakin ba. Ya buga tebur, ya ce a dawo da duk abin da aka fitar. Na ce masa sai dai a bi su gari-gari, don wasu ma tawadar malamai ta riga ta hau kansu. Ɗan abin da ya rage cikin Tasawa suka kwashe, sauran sun fi ƙarfin a bi. Ni kuma aka tasa ƙeyata zuwa wajen jandarma.

Ban sha duka ba, kada in ƙara gishiri a labari. Ƴan kwanaki na yi ina zaman benci gindin bishiya, uwargida tana kawo tuwo. Wani tsohon jandarma ya tambaye ni laifina, na ce fili na bari tsakanin layi. Ya ce in daina yi masa ba'a shi ba sa'ana ba ne. Da aka sake ni, na tarar da takardar sallama daga aiki tana jirana, shef ya sa hannu, ya kasa haɗa ido da ni. Ban riƙe shi a zuciya ba. Na sha wuya bayan nan, wuya ta gaske, kafin na samu na kafa ƴar rumfar buga takardu bakin tasha, wadda har yau da ita nake ci da iyali.

Sai bayan kaka na samu zuwa wajen Yaya. Ban gaya mata abin da ya faru ba, na ce dai na canza aiki. Muna cikin hira ta shiga ɗaki ta buɗe kwalla ta fito da takardar. Ta yi laushi, gefenta duk maiƙo, kuma ƙarƙashin kowane layi ga ajamin malam zaune daram, sukari a layinsa, gishiri a layinsa. Ta ce da ruwa ya sauka gudawa ta kama yarinyar, har idanunta suka faɗa. Mazan gida duk suna gona. Ta ɗauko takardar ta bi da yatsa ta haɗa, tana ba ta kaɗan-kaɗan, da ta ga alamar da aka ce a ruga asibiti, ta sa aka ɗaura amalanke sai Urafane. Tana cikin ba ni labari sai ga yarinyar ta fito da gudu tana bin kaza.

Yaya ta buga takardar da bayan hannu ta ce, "Wagga kam an bar hili kamar masu hankali. Ashe injin naku ya shiryu, Auta."

Na ce, "Ya shiryu, Yaya." Na juya kai ina kallon rumbu, don kada ta ga idona.

Ba zan ce takardar nan ta ceci kowa da kowa ba. Yara da yawa sun tafi a shekarar, har a gidajen da take rataye, kuma rai na Allah ne. Watakila da na matse ta kai wasu garuruwan da ba ta kai ba, wannan tunanin yakan zo mini. Amma yarinyar nan yanzu ta zama budurwa, tana karanta boko tana karanta ajami, in ta zo Tasawa rumfata take sauka ta ce ni Kakanta in koya mata ordinater. Duk ranar da na gan ta, in aka ce in koma biron kaftin, amsar da na ba shi ita zan sake ba shi, har da ƙari.

Abin da na koya shi ne, kafin ka kira wani wuri wofi, ka tambaya ko akwai mai shi, don sau da yawa na wanda ba ya nan ne lokacin da ake yanke shawara. Kuma in ka san mai shi, to kai ne za ka tsaya masa, ko da wanda ke gabanka ya fi ka ƙarfi. Shi ya sa har gobe, duk wanda ya kawo mini takardar da za ta ƙauye, sai na buɗe mata yatsa biyu. In ya ce in matse, sai in miƙa masa abarsa in nuna masa rumfar gaba.